Shagon da ya tsare ni awa guda, ya dawo min da kwamfutata

Ranar da na sayi kwamfutar nan, da fushi na fito daga shagon. HP EliteBook 840 ce ta hannu, jikka 130, a wani ɗan shago da ke bayan Babbar Kasuwar Yamai. Na biya, na miƙa hannu zan ɗauka, sai mai shagon ya dafe ta ya ce, "Ƙanena, zauna tukuna." Ya sa na buɗe asusun Microsoft da sunana, ya shiga saituna ya kunna abin da Windows ɗin Faransanci ke kira Localiser mon appareil, wato mai nuna inda na'ura take a taswira, ya kifa na'urar ya kwafi lambar seri, wato lambar shaidar na'urar, a kan takardar saye, ya kuma sa na ɗauki hoton takardar da salulata. Awa guda cur, ga zafi, ga darasi yana jirana a jami'a can ƙetaren gada. Na ce a raina dattijon nan iyayi ne kawai ke damunsa.

Wata takwas bayan haka, cikin Afrilu, zafi ya kore mu daga ɗaki muka kwana a tsakar gida a Bukoki, ƙofa a buɗe. Da asuba jakar kwamfutar ba ta nan. Babi uku na kundin kammala karatuna suna ciki, kuma ban ajiye su ko'ina ba.

Wajen mai shagon na fara zuwa, tun bai gama share gaban shago ba. Bai tsaya dogon jaje ba. Ya buɗe asusuna a tasa na'urar, taswira ta nuna wuri na ƙarshe: unguwarmu, daren jiya. Na ce to ina amfaninta? Nan ya yi min bayanin da ban saurara ba ranar saye. Kwamfuta irin wannan ba ta da GPS kamar salula, tana gane inda take ne daga wifi ɗin da ke kewaye da ita da adireshin intanet ɗin da ta hau. In ba a kunna ta ta shiga intanet ba, kurma ce. In kuma aka goge Windows aka zuba sabo, zancen taswira ya ƙare. Abin da gogewa ba ta taɓawa shi ne lambar seri, domin tana manne a ƙasan na'urar, tana kuma rubuce a BIOS, wato manhajar da ke tayar da na'urar kafin Windows.

Ya tura ni komisariya da takardar saye in kai ƙara, ya ce kada in dawo sai da shaidar an rubuta. Shi kuma ya jefa lambar da hoton wata tsaga da ke gefen murfin a zaurensu na WhatsApp, inda masu gyaran kwamfuta na gari suke. Wannan zaure shi ne ainihin abin da nake yabo. Ɓarawo bai san kalmar sirri ba, wanda ya saya a hannunsa ma haka, dole ɗayansu ya nemi mai gyara.

Kwana na huɗu ɗigo ya bayyana a taswira wajen Wadata. Da alama wani ya jona ta da wifi daga allon shiga, abin da Windows ke bari ko ba ka buɗe ta ba. Sai dai wurin da taswirar ta nuna ya kai faɗin layi da yawa. Na tara abokan fadarmu uku za mu je mu bi gida-gida. Ya hana, har da ɗaga murya. "Gidan wa za ka shiga? Ka ce musu me?" Ya kuma hana ni aika saƙon kulle na'urar mai ɗauke da lambar salulata, wai wanda ke riƙe da ita yana ganin saƙo zai ruga a goge ta a ɓoye. A lokacin na ji haushinsa. Yanzu na ga gaskiyarsa.

Kwana na shida wani mai gyara ya kira shi. An kawo masa HP a cire kalmar sirri, lamba ta yi daidai, tsagar ma ga ta. Ya ce wa mutumin ya dawo da la'asar, kafin nan mun sanar da ƴan sanda. Wanda ya kawo ta ya ce jikka 40 ya saye ta a hannun wani yaro, ba takarda ba caja. Sauran maganar tasu ce da hukuma. Ni dai bayan kwana uku na sa hannu na karɓi kayana, babi ukun suna nan yadda na bar su.

Shagon yana da nasa aibu, ba zan ɓoye ba. Benci ɗaya ne, in mutum biyu sun riga ka a rana za ka tsaya. Mai shagon ba ya ɗaukar waya sai ya ga dama, "gobe" ɗinsa kuma kan kai kwana uku. Kuɗinsa ya ɗara na masu tebur da jikka goma ko fiye. Abin da ya fi ba ni haushi, duk wannan tsantseni nasa bai taɓa ce min in riƙa kwafe aikina a wani wuri ba, sai da abin ya faru ya ce ai ya ɗauka ɗalibi ya san wannan.

Ko dala bai karɓa ba a kan neman. Na matsa, ya ce in sayi caja a wajensa ya isa. Jikka bakwai. Ya ɗauko tsohuwar takardar saye, ya juya bayanta, ya rubuta lambar cajar ita ma.