Ansible da NetBox a cibiyar bayanai: abin da na gani bayan mun daina saita na'urori da hannu

Tun da muka koma amfani da Ansible, manhajar da ke tura wa na'urori saiti a madadin mutum, wajen saita na'urorin sadarwa na cibiyar bayananmu, abokan sana'a ke tambaya ko kwalliya ta biya kuɗin sabulu. Ta biya. Sai dai duk wanda zai shiga ya sani cewa manhajar kanta ita ce ɓangare mai sauƙi. Wahalar tana wajen tattara gaskiyar abin da ke cikin cibiyarka a wuri ɗaya, da kuma raba mutane da ɗabi'ar shiga na'ura su gyara abu da hannu a ɓoye.

Cibiyarmu irin tsarin da ya zama ruwan dare ne yanzu. Kowane rak, wato kantar da ake jera na'urori, yana da suwici (na'urar da ke haɗa kwamfutoci da juna) a samansa, kowane suwicin rak kuma yana da waya zuwa ga kowane ɗaya daga cikin manyan na'urorin ƙashin baya. Asalin dabarar ta Charles Clos ce ta Bell Labs, wanda ya wallafa ta a 1953 domin layukan tarho. A tsakanin na'urorin BGP ke aiki, wato ƙa'idar da suke sanar da juna hanyoyi da ita, a samansa kuma VXLAN da EVPN, masu shimfiɗa cibiyoyin ciki a kan waɗannan hanyoyi. Abin lura a nan shi ne na'urorin kusan tagwaye ne. Bambancinsu bai wuce suna, adireshin IP, lambar ASN da BGP ke gane na'ura da ita, da abin da ke maƙale a kowace ƙofa ba. Ka ɗauka kana da ƙashin baya 4 da suwicin rak 40. Wayoyi 160 ke nan a tsakaninsu, kowace waya tana da adireshi biyu, 320 ke nan, kuma kowane adireshi dole ya bayyana daidai a bakin biyu na hulɗar BGP. Ɗan adam da ke kwafa yana mannawa da tsakar dare sai ya yi tuntuɓe a wani wuri, komai ƙwarewarsa.

Michael DeHaan ne ya fitar da Ansible a 2012, Red Hat ta saye shi a 2015. Abin da ya sa ya karɓu a wurin masu netwok shi ne ba ya buƙatar a girka masa komai a cikin na'urar da zai sarrafa. Idan saba ce, wato kwamfutar da ke yi wa wasu hidima, yakan tura ɗan guntun shirin Python can ya yi aiki. Yawancin suwici ba sa ba da wannan dama, don haka duk lissafin yana gudana ne a kwamfutar da ka kunna shi, sai ya yi wa na'urar magana daga nesa ta SSH, ko NETCONF, ko API ɗinta na HTTP. Umarnin da kake ba shi da YAML, wani tsarin rubutu mai sauƙin karantawa, ake rubutawa, samfurin saiti kuma da Jinja2. Injiniyan da bai taɓa rubuta manhaja ba yana iya buɗe fayil ɗin ya gane me zai faru, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne idan rabin tawagarka sun girma ne a kan baƙin allon umarni. Samfuri ɗaya muke da shi na suwicin rak. Idan za mu canza sabar lokaci ko ta tattara rahotanni, layi ɗaya ake taɓawa, a ajiye a Git, ma'ajiyar da ke riƙe tarihin kowane canji, wani ya duba ya amince, sannan a tura.

To amma daga ina samfurin zai samo adireshi da lambobi? Nan NetBox ya shigo, kuma nan ne lokacinmu ya tafi. Jeremy Stretch ne ya fara gina shi yana aiki a DigitalOcean, aka sake shi kyauta a 2016. NetBox ba ya taɓa na'ura ko ɗaya. Rumbu ne kawai na yadda ya kamata cibiya ta kasance: wane rak, wace na'ura, wace ƙofa, wace waya ta tafi ina, wane adireshi na wa. Ansible yana da hanyar ɗebo jerin na'urorinsa kai tsaye daga can, don haka ba ka riƙe da jeri biyu. Kafin nan bayananmu suna warwatse ne a takardun lissafi daban-daban, kowa da nasa kwafin, kowa kuma yana rantsuwa nasa ne sabo. Da muka fara shigarwa, sai muka sa Ansible ya tambayi kowane suwici maƙwabtansa ta LLDP, hanyar da na'urorin da waya ta haɗa ke gabatar da kansu ga juna, muka gwada da abin da ke rubuce. Wayoyin da takarda ta ce suna ƙofa kaza aka same su a wata, adireshin da aka ce babu mai shi aka tarar wata saba na zaune a kai tun tuni. Ba aiki ne mai daɗi ba, kuma babu manhajar da za ta yi maka shi. Watanni ya ci.

Ranar da na gamsu da dukan abin ba ranar tura saiti ba ce, ranar dubawa ce. Ansible yana da yanayin gwaji, inda za ka ƙara --check da --diff, ya nuna maka abin da zai canza ba tare da ya canza ba. Mun daɗe muna fama da wani rak da ajiyar bayanan dare ke tsayawa a cikinsa ba dalili. Ping, ɗan saƙon gwada hanya, yana wucewa lafiya, BGP a tsaye, babu jan fitila ko ɗaya. Da gwajin ya gama, dukkan na'urorin suka fito kore ban da ɗaya, kuma a cikinta layi ɗaya tak ya bambanta: wata ƙofa da ke hawa zuwa ƙashin baya tana kan MTU (iyakar girman fakitin bayanai da ƙofa ke bari ya wuce) 1500, sauran 'yan uwanta suna kan 9214. VXLAN yana ɗora bayit 50 a kan kowane fakiti. Ƙananan fakiti suna ratsawa, manya suna faɗuwa, kuma da yake zirga-zirgar tana rarrabuwa a kan hanyoyi da yawa, sai wanda ya yi rashin sa'ar bin wannan waya ne ke maƙalewa. Shi ya sa matsalar ke zuwa ta tafi. An taɓa canza wannan haɗin a gaggauce, aka manta layin. Ido ya bi ta kan wannan saiti ba sau ɗaya ba bai gani ba.

Kafa sabon suwici ma ya sauƙaƙa ƙwarai, ko da yake a yi adalci, wannan ba aikin Ansible ba ne shi kaɗai. Na'urorin zamani idan suka tashi babu saiti sukan nemi DHCP, mai raba wa na'urori adireshi, shi kuma ya nuna musu inda za su ɗauko fayil ta zaɓi na 67. Cisco na kiran wannan dabara POAP, Arista da Juniper suna cewa ZTP. Ɗan rubutun da na'urar ta sauke yana duba lambar jikinta a NetBox, ya sa mata manhajar da muka amince da ita da adireshin gudanarwa, daga nan Ansible ya ɗora sauran. Ma'aikacin da ke ɗakin na'urori aikinsa ya ɗaure ta a rak, ya sa wuta da waya. Ba a ƙara tsugunawa da kwamfutar cinya cikin sanyi da ƙarar fanka ana neman wayar konsol.

Yanzu ga wurin da nake so mai karatu ya nutsu. Tun sigar 2.9 ta 2019 Ansible ya zo da wasu sassa da ke kula da abu ɗaya ɗaya, kamar VLAN (ɓangaren cibiya da aka keɓe a cikin suwici) ko ƙofofi, kuma kai ne ke faɗa musu yadda za su yi da abin da suka tarar. Idan ka ce merged, za su ƙara naka su ƙyale sauran. Idan ka ce replaced, za su maye gurbin abubuwan da ka ambata kawai. Idan ka ce overridden, duk abin da ba ya cikin jerinka sun share shi. Kowa da merged yake farawa saboda ba ya ban tsoro. Amma da shi tarkace ba ya taɓa fita, tsohon VLAN da aka daina amfani da shi yana nan daram, kuma ba za ka iya bugun ƙirji ka ce abin da ke NetBox shi ne abin da ke na'ura ba. Cikakkiyar riba tana ga overridden, haɗarin ma yana can. Akwai lokacin da gwaji ya nuna zai cire wani VLAN daga na'urori biyu. Da aka bincika, wani abokin aiki ne ya ƙara shi da hannu a daren da wata matsala ta taso, ya ceci lamarin, amma bai rubuta a ko'ina ba. Sabobin da ke samansa suna aiki gadan-gadan. Da an tura ba a karanta ba, da sun yanke nan take, kuma Ansible zai ba da rahoton cewa komai ya tafi daidai, domin abin da aka ce masa ya yi.

Wannan ba tsoron banza ba ne. A ranar 4 ga Oktoba 2021 Facebook da Instagram da WhatsApp suka ɓace daga intanet na kusan awa shida. Bayanin da kamfanin ya fitar da kansa ya ce umarni ne aka bayar yayin gyaran yau da kullum, kayan aikin da ya kamata ya tace irin wannan umarni yana da kuskure bai tare shi ba, sai hanyoyin da ke haɗa cibiyoyinsu suka katse baki ɗaya. Hannu yana ɓata na'ura ɗaya ne a lokaci guda, na'urar tura saiti kuwa duka take kaiwa. Saboda haka ba ma tura komai ga kowa a tashi ɗaya. Akwai kalmar serial da ke sa Ansible ya bi na'urori rukuni-rukuni. Mukan fara da suwici ɗaya, a duba maƙwabtansa na BGP sun dawo, sannan a ci gaba, kuma ba a taɓa haɗa suwici biyu da ke rak ɗaya a rukuni guda. Inda na'ura ke da dabarar janye saiti da kanta muna amfani da ita. A Junos, manhajar na'urorin Juniper, umarnin commit confirmed yana mayar da tsohon saiti bayan minti 10 idan ba ka dawo ka tabbatar ba, wanda ke nufin ko ka yanke wa kanka hanyar shiga, na'urar za ta buɗe maka.

Akwai abubuwan da ke cikin ƙirar Ansible da sai dai ka koyi zama da su. Ba shi da sauri. A yadda yake zuwa, na'urori 5 yake taɓawa a lokaci ɗaya, sai ka ɗaga adadin da kanka, kuma kowane ƙarin yana cin ƙwaƙwalwar kwamfutar da ke tuƙi tunda a can aikin ke gudana. Idan ka rubuta umarnin da ke zagaya ƙofofi 48 ɗaya bayan ɗaya ta SSH, sai ka gaji da kallon allo. Maganin da muka samu shi ne a haɗa cikakken saitin a gida da samfuri, a tura shi sau ɗaya. Sannan YAML ba yaren shirye-shirye ba ne. Da zarar sharuɗɗa sun yi yawa, idan kaza kuma ba kaza ba sai dai in kaza, fayil ɗin da ake yabo da sauƙin karatu sai ya koma abin da marubucinsa ma ke tsoron taɓawa. Masu hannu a Python sukan karkata zuwa Nornir, wanda da Python ake rubuta masa umarni, saboda wannan, kuma ban ga laifinsu ba. Saƙon kuskure kan fito a dunƙule, dogon layi cike da baka da waƙafi, dalilin yana binne a tsakiya. Ga wani ƙaramin tarko kuma: idan ka gajarta umarni yadda aka saba a allo, ka rubuta int a maimakon interface, Ansible zai gwada da abin da ke cikin na'ura ya ga ba su yi daidai ba, kullum sai ya ce ya yi canji alhali babu abin da ya canza.

Tun da aka raba Ansible a 2020, zuciyar manhajar daban, tarin sassan kowane kamfani daban, ya zama dole ka ƙulle sigar kowane tari da kake amfani da shi, ka gwada kafin ka sabunta. Ingancin sassan ma ba ɗaya ba ne. Muna da wasu tsofaffin na'urori na wani kamfani da sassansu ba su rufe rabin abin da muke buƙata ba, a nan dole muka koma tura ɗanyen rubutu muna tsintar amsa daga allo, kuma canjin tazara ɗaya a sabuwar manhajar na'urar yana iya rikita tsintar.

Wani abin da masu tallata ra'ayin ba su cika faɗa ba: Ansible ba ya gadi. Sai ka kira shi yake tashi, yana gamawa ya manta. Tsakanin kira da kira, kowa na iya shiga ya yi abin da ya ga dama. Mun toshe wannan da AWX, manhajar gudanar da ayyukan Ansible daga wuri ɗaya, wanda Red Hat ta buɗe a 2017. Shi ke riƙe kalmomin sirri, ya rubuta wa ya kunna me da yaushe, kuma kowane dare yana gudanar da gwajin nan na dubawa kawai ya aiko da bambancin da ya gani. Rahoton safiyar nan ya fi kowace doka tasiri wajen rage gyaran ɓoye, don mutum ya san gobe za a gani. Masu son abin da ke sa ido dare da rana, ya zo da ƙirar cibiya a shirye, akwai na kuɗi irin su Apstra na Juniper da CloudVision na Arista. Suna ɗauke maka gini mai yawa, kai kuma ka yarda ka bi tsarin da suka shimfiɗa.

Idan na'urorinka ba su wuce a ƙirga da yatsu ba kuma ba kasafai suke canzawa ba, Ansible na kwafe saiti kullum zuwa Git ya ishe ka, kada ka ɗora wa kanka sauran. Idan kuwa kana da raka masu yawa iri ɗaya da tawagar da za ta yarda NetBox ne mai magana ta ƙarshe, ina ba da shawararsa ba tare da jinkiri ba, da sharaɗin a fara da karatu kawai, a daɗe a yanayin gwaji, a bar overridden sai rahoton dare ya riƙa fitowa babu bambanci. Mu yanzu abin da muke kai shi ne gwada kowane canji kafin ya kusanci na'urar gaske. Muna tayar da kwafin cibiyar a cikin kwamfuta da manhajar Containerlab, muna kuma ba Batfish, mai nazarin saiti, saitin ya lissafa ko akwai hanyar da za ta yanke. Tsofaffin na'urorin nan ne kawai ba su da sigar da za ta shiga kwafin, su har yanzu sai a kan suwici ɗaya da muka ware a rak na ƙarshe ake gwada musu.