Gargaɗi ga masu neman tsohuwar MGB: kada ku tura kafin alƙalami a kan hoto

Assalamu alaikum 'yan'uwa, musamman mazauna Ingila da sha'awar gyaran tsofaffin motoci ta fara kamawa. Akwai wata damfara da ke yawo a shafukan saye da sayarwa na intanet, kuma sabon shiga take nema, wanda bai taɓa kwanciya a ƙarƙashin mota da tocila ba.

Ɗaya daga cikin motocin da 'yan damfarar ke yin tarko da su ita ce MGB, ƙaramar motar kamfanin MG na Birtaniya, kuma akwai dalili. An ƙera ta a Abingdon kusa da Oxford daga 1962 zuwa 1980, sama da guda 500,000, kayan gyaranta na nan birjik, har sabon bodi ana bugawa a Witney. Shi ya sa duk wanda ka tambaya da wace mota za ka fara, ita zai ambata maka. 'Yan damfara ma sun san haka.

Ga yadda abin yake. Za ka ga talla: MGB mai buɗaɗɗen sama, wai ta shekara da shekaru a gareji, mai ita ya rasu, iyali na son rabuwa da ita. Hotuna tsaf, farashi ƙasa da na kasuwa, amma ba ƙasa sosai da zai sa ka zargi wani abu ba. Kana tuntuɓa sai a ce maka mai sayarwar ya yi tafiya, ko yana aiki a teku, waya ba ta shiga, sai dai saƙo. Motar kuma tana wani gari mai nisa a hannun "kamfanin jigila". Daga nan sai matsi: wai mutum biyu na zuwa da tirela ranar Asabar, in kana so ka tura kafin alƙalami a ajiye maka. Wasu har wasiƙa za su aiko maka mai tambarin wani babban kamfani irin su eBay, cewa kuɗinka na hannun amintacce sai ka ga mota ka yarda. Wasiƙar jabu ce, asusun nasu ne. Hotunan kuwa daga tsohuwar tallar wani bawan Allah aka kwashe su, shi ya sa za ka tarar an rufe lambar motar, ko an ɗauki hoton ta inda ba za ta fito ba. Cinikin biri a sama ke nan.

Wannan ita ce mai sauƙin ganewa. Wadda ta fi ba ni tsoro ita ce wadda motar na nan da gaske, ka je ka gan ta, har ka tayar da injin. MGB ba ta da shasi daban kamar Triumph Spitfire. Bodin ne ke ɗauke da komai, kuma ƙarfinsa na cikin dogon ƙarfen nan da ke ƙarƙashin ƙofofi. Can tsatsa ke fara ci, daga ciki zuwa waje. Mugun mai sayarwa zai cika ramukan da fila (ƙullun da ake toshe ramin bodi da shi), ya shafe ƙasan motar da baƙin kwalta mai kauri, ya watsa sabon fenti ja, ya ce maka "an gama aikin bodi, ɗan abin da ya rage kaɗan ne". Kai kuma idonka na kan sheƙi da ƙarar injin. Alhali injin ya fi bodi arha a gyara. Walda ce ke cinye kuɗi, kuma in ba ka iya ta ba, kowace awa ta mai walda a ƙasar nan fam ce mai zafi. Ka tafi da maganaɗisu: inda ya ƙi kamawa a ƙasan ƙofa ko bakin taya, fila ce ba ƙarfe ba. (Bonet ɗin na farko-farko da alminiyam aka yi shi, kada ka yi rigima a kansa.) Ka duba tazarar ƙofa da bodi, in ta matse a sama ko ƙofar na ja, motar ta fara lanƙwashewa a tsakiya. Ka ɗaga kafet. In ya hana ka ɗagawa, ka yi sallama.

Sai batun takardu, inda aka fi yaudarar mutanenmu, domin mun saba in takarda ta fito magana ta ƙare. Takardar rajistar mota (V5C) da DVLA, hukumar rajistar motoci ta Birtaniya, ke bayarwa, a jikinta an rubuta cewa ba shaidar mallaka ba ce. Akwai masu ɗaukar takarda da farantin lambar shasi na motar da ta ruɓe, su liƙa wa wata. Akwai masu ɗaukar MGB da aka ƙera daga ƙarshen 1974, mai baƙar bamba ta roba da aka saka saboda dokokin Amurka, su sauya mata bamba mai sheƙi, su sayar da ita a matsayin ta shekarun 1960, wadda ta fi tsada. Sauya bambar ba laifi ba ne in an faɗa maka. Ɓoyewar ce ha'inci. Ka gwada lambar da ke takarda da wadda ke jikin mota, harafi da harafi. Gidan tarihin motoci na Gaydon na bayar da takardar shaida daga kundin masana'anta: ranar da aka ƙera ta, launinta na asali, lambar injin. Mai gaskiya ba zai ƙi ba ka lambar shasi don ka bincika ba.

Za kuma a ce maka ba ta buƙatar MOT, wato gwajin lafiyar mota na shekara-shekara. Gaskiya ne, tun 2018 motar da ta haura shekara 40 an ɗauke mata, in ba a yi mata babban sauyi ba. Amma ma'anar haka ita ce ta yiwu babu bakaniken da ya leƙa ƙarƙashinta shekaru da dama. Da lambar mota kawai za ka ga tarihin gwajinta tun daga 2005 kyauta a shafin gwamnati, har da inda aka taɓa rubuta mata tsatsa.

In kuwa kuɗi sun riga sun fita, kada kunya ta sa ka yi shiru. Ka kira 159 nan take, za a haɗa ka da bankinka. Tun Oktoban 2024 doka ta tilasta wa bankunan Birtaniya maida kuɗin wanda aka yaudara ya tura, har fam 85,000, bisa sharuɗɗa, amma wannan bai shafi kuɗin da aka tura zuwa wata ƙasa ko daga wata ƙasa ba. Don haka 'yan'uwa da ke gida masu son a sayo musu, ku aiko wani ya je da ƙafarsa, ya ga mota a gidan da ke rubuce a takarda, kafin ko fam ɗaya ya motsa.