Maganin tsutsar dabbobi: wanne za ka saya idan kashinsu ne takin gonarka?

A shagon maganin dabbobi, ko a teburin mai talla ranar kasuwar shanu, tambaya biyu aka saba yi: nawa ne, kuma yana da ƙarfi? Akwai ta uku da ba a cika yi ba, alhali ta shafi duk wanda ke kai kashin dabbobinsa gona, ko yake kiran Fulani su kwantar masa da shanu a fili bayan girbi. Idan maganin ya gama aikinsa a cikin saniya, ina yake zuwa?

Wani yakan narke a jiki ya fita a fitsari. Wani kuwa da ƙarfinsa yake fitowa cikin kashi, ya ci gaba da kisa a ƙasa. Kashin saniya ba ya zama taki da kansa. Buzuzu ne ke haƙa rami ya binne shi, tsutsar ƙuda ta huda shi iska ta shiga, tsutsar ƙasa, wato tana, ta ja shi cikin ƙasa a fadama, gara ta cinye busasshensa da rani. Mutanen Ostireliya sun ga abin da rashin buzuzu ke jawowa. Da aka kai musu shanu, buzuzun ƙasarsu bai saba da irin wannan kashi ba, sai ya yi ta bushewa a makiyaya yana rufe ciyawa, ƙudaje suka addabi mutane. Daga 1965 zuwa 1985 hukumar binciken kimiyya ta ƙasar, CSIRO, ta yi ta shigo da buzuzu daga waje, da yawansu daga Afirka. Mu kyauta muka same shi.

Maganin da ya fi tashe a kasuwa shi ne aibamektin, wanda ya fara fitowa da sunan Ivomec, yanzu kuma kamfanoni barkatai ke yin sa. An samo asalinsa ne daga wata ƙwayar halitta ta cikin ƙasa a Japan, ya shiga kasuwar dabbobi a 1981, kuma Satoshi Omura da William Campbell sun samu kyautar Nobel a 2015 saboda shi. Ba a banza makiyaya ke son sa ba. Allura ɗaya a ƙarƙashin fata, mililita 1 ga kowane kilo 50, ta isa ta kashe tsutsar ciki da ta huhu, da ƙwarƙwata mai tsotson jini, da ƙwaron ƙazuwa, da tsutsar hancin tumaki. Tsutsar hanta dai ba ya taɓa ta, sai idan an haɗa shi da wani sinadarin, kamar a Ivomec Super.

Aibinsa shi ne jikin dabba ba ya narkar da shi sosai, kaso mafi yawa a kashi yake fita. Ya fi yawa a kwanakin farko bayan allura, amma kashin kan ci gaba da cutar da ƙwari har mako biyu zuwa huɗu. A 1987 wasu masana biyu na Jami'ar Bristol a Ingila, Richard Wall da Les Strong, sun ajiye kashin maruƙa iri biyu a fili. Na waɗanda ba a ba magani ba, ƙwari suka shige shi, ya ruɓe cikin kwana 100. Na waɗanda aka ba aibamektin kuwa yana nan a dunƙule, kusan yadda aka ajiye shi. Tsutsar ƙuda da 'ya'yan buzuzu ne suka fi mutuwa. Babban buzuzu ba lallai ya mutu nan take ba, amma wani bincike a Sifaniya a 2015 ya nuna ɗan kaɗan na maganin ya isa ya rage masa jin wari da ƙarfin ƙafa, ga shi kuma da wari yake neman abinci. Ita tana ta fi juriya, adadin da ake samu a kashi bai cika kashe ta ba. Ƙananan ƙwarin ƙasa masu tsalle, waɗanda da ƙyar ido ke ganinsu, sun fi ta jin jiki.

A nan makiyayi ma yana da asara, ba manomi kaɗai ba. Ƙwan tsutsar ciki a kashi yake ƙyanƙyashewa, 'ya'yan su hau ciyawa, dabba ta sake haɗiye su. Idan buzuzu ya wargaza kashin ya binne shi da wuri, da yawansu ba sa kaiwa ga ciyawar.

Aibamektin ɗin ma iri-iri ne. Wanda ake zubawa a gadon baya ya fi sauƙin bayarwa, ba ruwanka da sirinji, amma adadin da ake zubawa ya ninka na allura sau biyu da rabi. Shanu kuma suna lasar jikinsu, suna lasar juna, abin da suka lasa ya bi ta hanji ya fita a kashi, har na saniyar da ba a zuba wa ba. Idan dole sai aibamektin, allura ta fi. Kuma kada wani sabon suna ya ruɗe ka: Dectomax da sauran waɗanda sunan sinadarinsu ya yi kama da nasa 'yan gida ɗaya ne, halinsu a kashi kusan ɗaya. Wanda ya fita daban shi ne moksidektin, da ake sayarwa da sunan Cydectin. Yana daɗewa yana aiki a jiki, illarsa ga 'ya'yan buzuzu kuma ba ta kai ta aibamektin ba ko kusa. Sai dai ya fi tsada, kuma ba kowane shago ke ajiye shi ba.

Sai farin maganin ɗura da manyan ƙwayoyin da ake tura wa dabba a baki, wato albendazol da ɗan uwansa fenbendazol, irin su Valbazen da Panacur. Ni a ganina su ne suka fi dacewa da mai 'yan awaki da tumaki a gida wanda takinsu ne jarin gonarsa. Suna da araha, suna kashe tsutsar ciki har da mai faɗin nan da ake ganin guntayenta a kashi, albendazol kuma idan an ƙara adadinsa yana kashe manyan tsutsar hanta. Gwaje-gwaje sun nuna ba sa yi wa buzuzu da tsutsar ƙuda wata ɓarnar a zo a gani. Suna da nasu sharaɗin. Ba a ba dabbar da ke farkon ciki albendazol, domin yana iya lalata ɗan tayi. Ba sa taɓa ƙwarƙwata ko ƙazuwa. Kuma a wurare da dama tsutsa ta saba da su, saboda an daɗe ana raba ƙwaya ɗaya wa dabba uku don a yi tattali.

Lebamizol ma ba ya takura wa ƙwarin ƙasa, da sauri yake fita kuma yawancinsa ta fitsari. Tsutsar ciki da ta huhu kawai yake kashewa, shi ya sa ake haɗa shi da maganin tsutsar hanta a Nilzan. Hatsarinsa na kan dabbar ne: tazarar da ke tsakanin adadin da ke warkarwa da wanda ke sa akuya dalalar da miyau da makyarkyata ba ta da yawa. Wanda ke kintacen nauyi da ido ya yi a hankali.

Maganin kaska da tsando shi ake mantawa da shi a wannan lissafi. Deltametirin da saifametirin, irin su Butox, idan aka zuba su a baya ko aka yi wa saniya wanka da su, wani kaso yana biyo kashi ya kashe buzuzu, kamar yadda aka gani a gwaje-gwajen yaƙi da tsando a Zimbabuwe. A can ne kuma aka samo mafita mai sauƙi. Tsando ya fi cizo a ƙafafu da ciki, saboda haka fesa wa waɗannan wuraren kaɗai yana rage maganin da ake kashewa ƙwarai, abin da ke shiga kashi ma ya ragu. A Burkina Faso, cibiyar CIRDES da ke Bobo-Dioulasso ta gwada ɗan kwarmin ruwan magani da shanu ke takawa su wuce idan sun dawo kiwo, domin babbar kaskar nan mai zane a baya a tsakanin kofato take fara maƙalewa kafin ta hau hantsa. Idan kaska ce kawai damuwarka, amitiraz, wanda ake sayarwa da sunan Taktic, ya fi sauƙi ga ƙwarin kashi, amma ba a sa wa doki.

Lokacin bayarwa ya kusa kai zaɓin magani muhimmanci. Buzuzu da saukar ruwan farko yake fitowa, da damina yake hayayyafa, kuma a daidai lokacin ne tsutsar ciki ke tasowa kowa ya nufi shago. Idan tsutsa ce kawai matsalar a wannan lokaci, farin ɗura ko lebamizol sun wadatar. A bar aibamektin sai ga ƙazuwa ko ƙwarƙwata, ko a bari sai rani lokacin da buzuzu ya lafa. Ragon layya da ke ɗaure a turke ba matsala ba ne, tunda kashinsa wuri ɗaya yake taruwa, ana iya ware na makonnin farko. A dai duba kwanakin jira bayan magani da aka rubuta a kwalba kafin a yanka, kuma ba a yi wa saniyar da ake tatsa allurar aibamektin.

Ba kuma dole ne a ɗura wa garke duka ba. A Afirka ta Kudu an ƙirƙiro wani kati mai suna FAMACHA don tumaki da awaki: a buɗe fatar ido ta ƙasa a gwada launinta da na katin, daga 1 ja sosai zuwa 5 fari fat. Masu farin ido su tsutsa ta tsotse wa jini, su ake ba magani. Kashin sauran ya zama mai tsabta ga buzuzu, kuɗi ya ragu, tsutsa kuma ba ta saurin sabawa da maganin.

Mai sayen taki a buhu ko a amalanke shi ma yana da abin tambaya: yaushe aka yi wa dabbobin allura, kuma tun yaushe takin ke tare? Zafi da hasken rana suna karya aibamektin, don haka tarin da aka yayyafa wa ruwa, aka juya shi ya ɗauki zafi na wasu watanni, ya fi sabon kashi aminci. Haka ma takin gidan kaji, inda ake yawan zuba maganin ƙwayoyin cuta a ruwan sha. Tarin kuma a yi shi nesa da tafki da rafi, nan ma kada a wanke sirinji ko a jefa kwalba, domin aibamektin da maganin kaska duka guba ne ga kifi da ƙananan halittun ruwa. Kafin ka biya kuɗin kowane magani, duba lambar NAFDAC idan a Najeriya kake, da ranar lalacewa, da sunan sinadarin da aka rubuta da ƙananan haruffa a ƙarƙashin sunan kamfani.