Littafin da Za Ka Saya Kan Daular Sakkwato, da Wanda Za Ka Bari a Kanta

Ɗalibai masu rubuta kundi kan jihadin Shehu suna yawan tambayata wane littafi za su saya idan kuɗin na guda ɗaya ne. Amsata ba ta sauyawa: na Paul Naylor, From Rebels to Rulers, wanda ya fito a 2021.

Abin da ya sa nake sonsa, bai ɗauki rubutun Shehu Usmanu da Abdullahin Gwandu da Muhammadu Bello kamar daga baki ɗaya ya fito ba. Ya bi littattafansu na Larabci bisa lokacin da aka rubuta su, ya nuna yadda hujjar ta riƙa juyawa. Da farko magana ce ta halaccin yi wa sarakunan Haɓe bore. Da mulki ya dawo hannu, sai ta koma wajabcin yi wa shugaba biyayya. Za ka ga inda Abdullahi ya tsaya kan tsanani, da inda yayansa ya sassauta, da yadda Bello ya kare kansa kan rikicin Abdussalami, malamin da ya yi masa tawaye, bayan rasuwar Shehu a 1817. Wasu malamanmu ba sa jin daɗin wannan salo, suna ganin ya mayar da waliyyai 'yan siyasa. Ni ban ga cin fuska a ciki ba. Ko ka ƙi yarda da shi, sai ka koma Infaƙul Maisuri, littafin Bello kan tarihin jihadin, ka duba da idonka, kuma ribar kenan.

Na Murray Last, The Sokoto Caliphate (1967), uba ne, amma aro ya ishe ka, ɗakunan karatu na jami'o'inmu ba sa rasa shi. Na Paul Lovejoy na 2016, Jihad in West Africa during the Age of Revolutions, ya fi karkata ga bauta da alaƙar jihadin da juye-juyen mulki na ƙasashen ƙetaren teku. Beyond Timbuktu na Ousmane Kane yana da daɗin karatu, sai dai Sakkwato ɓangare ce kawai a cikinsa.

Amma kafin sunan marubuci, duba kayan da ke hannunka. Na taɓa ba wani mai shago kuɗi masu zafi kan wani littafin tarihi, bango sumul, har da leda. Sai da na je gida na ga ashe hoton kwafi ne aka ɗaure. Bayanan ƙasan shafi duk an datse su wajen yanka, shafuka sha shida babu su, ɗigon da ke ƙarƙashin haruffan sunayen Larabci ya shafe. Na kafa hujja da lambar shafi, mai duba kundina ya buɗe nasa na asali, ba ta dace ba. Ranar na ji kunyar da ban taɓa ji ba.

Saboda haka a cire ledar a gabanka. Buɗe tsakiya ka ga ko rubutun ya karkace, ko akwai baƙin layi a gefen ɗauri. Leƙa taswira, ta jabu takan fito dishi-dishi kamar an shafa gawayi. Ƙirga fihirisar baya. Masu sayar da PDF a WhatsApp su ma sai a yi hattara, wani babi biyu zai turo maka ya ce littafin kenan, ka sake kira ka ji waya a kashe. Mai shagon da ya hana ka buɗe leda, ajiye masa kayansa ka ƙara gaba.