Gwajin TDR na palu: abu ne mai kyau, amma bai ganin abin da ke cikin hanta

Jama'a tunda damina ta kama kuma kowane gida a Damagaram sai ka iske mai masassara kwance, bari in faɗi ra'ayina kan wannan ɗan gwajin da ake ce ma TDR, wanda ake soka maka yatsa a CSI ko a farmasi a ɗiga jini cikin ɗan farin roba. A takaice ina yaba shi ƙwarai. Minti 15 zuwa 20 ka ga sakamako, layi ɗaya wajen C babu, layi biyu akwai, ba sai an yi jiran mai labo ya duba da madubin likita ba, kuma ko a ƙauyen da ba wuta yana aiki. Ga uwa mai goyon yaro jiki zafi rau wannan ba ƙaramar rahama ba ce.

Abin da ke damuna shi ne yadda mutane ke fassara shi. Sau da yawa za ka ji an ce an yi gwaji bai nuna ba amma ai palu ne ya ɓuya cikin hanta, sai a wuce farmasi a sayi Coartem a sha. Wallahi wannan magana kuskure biyu ne cikinta, kuma ita ta sa nike rubutun nan.

Gaskiya ne ƙwaron palu yana shiga hanta, tun 1948 masu bincike Shortt da Garnham suka gano haka. In sauro ya cije ka ƙwaron ba ya tsayawa cikin jini, hanta yake nufa ya shige cikin ƙwayar hanta guda ya yi wajen kwana 6 zuwa 7 yana hayayyafa, ɗaya tak sai ya zama dubban dubbai kafin su fashe su fantsama cikin jini. To a wannan satin mutum lafiyarsa lau, ba zafin jiki ba ciwon kai ba amai. Kenan in kana masassara yau, ba wanda ke cikin hanta ne ya sa maka ita ba. Na biyu Coartem ba ya taɓa na cikin hanta, na cikin jini yake kashewa.

Dalilin da TDR bai ganinsa a can shi ne ya fi burge ni. Plasmodium falciparum, irin ƙwaron palu da ya fi yawa a Nijar, yana da ƙwayoyin gado (umarnin gina jikinsa da yake gada) sama da 5000 kuma ba duka yake amfani da su lokaci guda ba, wasu ya kunna a cikin sauro, wasu a hanta, wasu sai ya shiga jini. Galibin TDR ɗin da muke gani wani furotin suke nema mai suna HRP2 wanda ƙwaron ke zubawa cikin jini bayan ya shiga jajayen ƙwayoyin jini, in bai kai nan ba ɗigon jinin yatsarka ba abin da zai nuna. Kuma dubi dabarar ƙwaron nan, tun yana cikin yawun sauro yake rubuta saƙon wasu furotin ɗin kamar UIS4 ya ajiye bai aiki da su, kamar matafiyin da ya ɗaure guzuri ba zai kwance ba sai ya sauka, yana shiga ƙwayar hanta sai ya buɗe ya gina rigar da zai ɓuya ciki. Akwai wasu furotin da ake ce ma AP2 su ne masu kunnawa da kashewa, a 2012 masu bincike a Japan suka cire guda ɗaya, AP2-L, daga ƙwaron palu na ɓeraye, sai ya zama yana shiga hanta amma girmansa ya tsaya a hanya. A Leiden ta ƙasar Holan ma an cire ma falciparum ƙwayar gado ɗaya, ya girma cikin hanta har kusan ƙarshe amma ya kasa fita jini, sakamakon da suka fitar a 2024 mutum 8 cikin 9 da aka ba shi a matsayin rigakafi sun samu kariya. Gwaji ne ƙarami amma ni kam ya ba ni fata sosai, don yaranmu ne ke mutuwa.

Masu cewa palu na kwana shekara cikin hanta, wannan halin wasu irin ƙwarin palu ne, vivax da ovale, falciparum ba ya barci a can.

Inda TDR ke da rauni na gaske: HRP2 yana daɗewa cikin jini makonni bayan an warke, don haka yaro zai iya gama maganinsa tsaf a sake gwadawa a ga layi biyu, iyaye hankali ya tashi a banza. In ƙwarin ba su yi yawa ba kuma gwajin zai iya nuna babu, shi ya sa in masassara ta ƙi sauka gara a koma wajen majo a sake ko a yi gut epes, wato duba jini da madubin likita, a kuma duba ko wata cuta ce daban. A Eritiriya da Habasha har an samu ƙwarin da ba su da ƙwayar gadon HRP2 ɗin sam.

Abin da nike roƙon masu yi mana gwajin shi ne minti biyu na bayani, ba a ce "ba komi" kawai a sallami uwa ba. Ku kuma masu saye a farmasi ku duba ranar lalacewa a jikin leda, kada ku karɓi wanda ledar ta huje ko wanda ya sha ranar Damagaram a kan tebur, kuma in layin C bai fito ba gwajin ya ɓaci, a sake wani.