Katin wasiƙa na fenti da na saya wa ɗalibaina, ga abin da na gani

Ni malamar zane ce, kuma wannan zangon darasinmu a kan yaƙi ne da yadda ake tunawa da shi. Da farko manyan takardu na so in ba su amma sai na ce bari in gwada fararen katunan wasiƙa ɗin nan da ake yi da takardar fentin ruwa, girmansu santimita 10.5 da 14.8, kamar tafin hannu dai. Gaba fari ne fes, baya kuma an ja layukan adireshi da ɗan akwatin kan sarki a sama.

Takardar tana da kauri, mai giram 300 a kowane murabba'in mita ce, ta sha ruwa ba ta kumbura ba sai dai ta ɗan lanƙwashe in yaro ya cika mata ruwa, kuma in ka danne ta da littafi ta kwana shi ke nan ta miƙe. Fensir da gawayi suna kama ta sosai saboda tana da ɗan kaushi. Inda ta ba ni haushi shi ne bayan, santsi gare shi, biro mai ruwa ba ya bushewa da wuri, yara uku suka goge rubutunsu da hannun riga. Sannan gam ɗin da ya riƙe fakitin ya yi ƙarfi, in ba ka ɓare a hankali ba sai gefen ya yage.

To amma wallahi bayan nan da nake ƙorafi a kai shi ne ya yi min rabin aikin. Kafin su fara na nuna musu hoton katin da ake raba wa sojojin Birtaniya a Yaƙin Duniya na Ɗaya, 1914 zuwa 1918, wanda an riga an buga jimloli a kai, ina lafiya, an kwantar da ni asibiti, na samu wasiƙarki, soja sai dai ya soke wanda bai shafe shi ba ya sa hannu da kwanan wata, in ya ƙara ko kalma ɗaya a lalata katin. Na kuma nuna musu na Otto Dix, mai zanen nan na Jamus da yake zana ramukan yaƙi a kan kati yana aikawa birnin Dresden na ƙasarsu. Aji ya yi tsit. Can sai wani yaro ya juya katinsa ya ga layukan adireshi ya ce Malama to wa za mu aika wa? Ni kaina ban shirya wannan tambayar ba.

Daga nan zanen tankoki da jirage ya ragu, don dama wurin ba zai ɗauka ba, dole kowa ya zaɓi abu ɗaya. Wata yarinya ta zana takalmin soja ƙafa ɗaya a bakin ƙofa, igiyar a kwance, a baya ta rubuta zuwa ga mamansa. Wani kuma ya kwafi jimlolin katin sojojin da hannunsa ya soke duka da jan fenti ya bar ina lafiya kaɗai, fentin ya zubo ya taɓa ta, ya so ya sake na ce a'a bar shi haka. Na daɗe riƙe da katin nan bayan an tashi.

Mun rataye su a igiya da ƙananan maƙalai don mai kallo ya iya juyawa ya karanta bayan, kar ku manna su a bango don Allah, rabin aikin zai ɓoye. Zan sake saya, amma wannan karon kowane yaro kati biyu zan ba shi, ɗaya na gwaji, kuma a baya fensir kawai ko biro mai saurin bushewa.