Dabino da kwakwa: wanne ya fi jure sanyi, wanne ke farfaɗowa?

Ɗan'uwa, ka tambayi wanne ne ya fi jure sanyi mai daskarar da ruwa tsakanin dabino da kwakwa, da kuma ko bishiyar da sanyi ya ƙona mata ganye za ta sake tohowa.

Dabino ya yi wa kwakwa nisa. Itacen hamada ne, ya saba da daren hunturu mai tsananin sanyi, don haka babban dabino yana iya tsallake digiri 6 ƙasa da sifili a ma'aunin Salshiyas, ko da yake ganyensa zai ƙone, musamman idan sanyin ya zo da danshi. Kwakwa kuwa ta gaɓar teku ce mai ɗumi. Ganyenta yana lalacewa da zarar an kusanci sifili, kuma sanyin da bai kai ga daskarewa ba ma, idan ya daɗe, yana iya kashe ta, kamar yadda aka gani a kudancin Florida ta Amurka a watan Janairun 2010.

Batun farfaɗowa ya fi muhimmanci, kuma a nan ne mutane suka fi yin kuskure, domin ganye suke dubawa. Kowace daga cikin bishiyoyin nan wuri ɗaya tak take tohowa, wato zuciyar da ke ɓoye a tsakiyar kanta, kuma idan wannan ta mutu gangar jikin ba ta sake fitar da ganye. A ja sabon ganyen tsakiya a hankali: idan ya ƙi fitowa, akwai rai, idan ya zare da sauƙi, gindinsa ya ruɓe yana wari, to a zuba maganin ruɓewa mai sinadarin jan ƙarfe a cikin ramin, a hana ruwa kwanciya a ciki, a kuma jira, domin wani lokaci sai bayan watanni shida sabon toho ke bayyana. Kada a yi gaggawar sare ganyen da ke da sauran kore, shi ne ke ciyar da bishiyar.

A nan ma dabino ya fi, musamman matashi, saboda yana fitar da 'ya'ya a gindinsa waɗanda kan rayu ko uwar ta mutu. Kwakwa ba ta da wannan, idan zuciyarta ta ruɓe sai dai a sare a dasa wata.